Hukuncin Cin Jatan Lande ga Mai Ciwon Zuciya

Tambaya: Muna zaune a Sabon Tasha. Likita ya hana maigidana tsire da kilishi da nama mai kitse saboda hawan jini da ciwon zuciya, ya ce mu koma ga kifi da jatan lande. Busasshen da muke samu a kasuwa daga Kudu ake kawo shi, masu sayarwa kuma yawanci ba Musulmi ba ne. Surukata ta ce ƙwaro ne, mushe ne, kada in sa a tukunya. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Allah ya ba maigidanki lafiya.

Jatan lande halal ne, ɗanye ko busasshe, ɗungurum ko dakakke. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo a teku da abincin cikinta, kuma Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hadisin Abu Huraira mai nuna tsarkin ruwan teku da halaccin mataccen cikinta. A kan haka Malikawa suka tafi: dabbar ruwa ba ta bukatar yanka. Tunda babu yanka, addinin masunci ko na mai sayarwa bai shiga hukuncin ba. Masunci a Oron ko Kalaba ya kamo, maƙwabciyarki Kirista ta auna miki a gwangwani, ki saya hankali kwance. Shafi'awa da Hambalawa ma sun halatta. Hanafawa ne suka taƙaita halaccin ga kifi, shi ya sa suka saɓa a kansa.

Batun surukarki kuwa, a bi ta a hankali. Ƙyama daban, haramci daban. An ci damo a gaban Manzon Allah (SAW), bai ci ba saboda ba abincin ƙasarsu ba ne, amma bai hana Khalid ɗan Walid ba. Wanda ya tashi da kifin Argungu da bandar Tafkin Chadi ba mamaki ya ga ƙafafu da gashin baki ya kau da kai. Ki raba mata tata miyar. Abin da ba ya halatta shi ne a kira halal haram.

Ta fuskar lafiya, gaskiya ne yana da kolestarol, kusan miligiram 190 a giram 100 na dafaffe. Amma daskararren kitse, wanda ya fi tayar da mugun maiƙon jini, kaɗan ne ƙwarai a cikinsa, ga sinadarin gina jiki mai yawa. A 2015 hukumomin Amurka suka janye tsohuwar iyakar miligiram 300 a rana. Ni abin da ya fi damuna yana cikin tukunya: a tsunduma shi cikin manja, a bi da dunƙule uku da gishiri, sannan a ce ana cin abincin masu ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ki daka busasshen, ki haɗa da daddawa a miyar kuka ko ta alayyafo, ɗanɗanonsu ya isa ki rage dunƙule. Ki bushe shi a faifai, ki tsince yashi, ki sansana. Mai warin maganin ƙwari ko mai fumfuna ki bar shi.

Wanda in ya ci jikinsa ke ƙaiƙayi, leɓensa ya kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, haramun ne gare shi shi kaɗai, domin shari'a ta hana cutar da kai. Yawan da maigida zai ci kuma likitansa ne zai yanke, kada ya ajiye magani.

Allah ne mafi sani.