Godiya A Gidan Makoki: Abin Lura Daga Maƙwabtanmu Kirista

Duk wanda ya daɗe a Sabon Ibadan ya san yadda maƙwabtanmu Yarabawa Kirista suke yin jana'iza. Gawa takan yi makonni a mutuware, a yi daren waƙoƙin coci, a binne, sannan ranar Lahadi iyalan mamaci su sa anko su tafi coci yin godiya, har da rawa. Samarinmu idan sun ga haka sai ka ji suna cewa, "Kai, waɗannan ba su san zafin mutuwa ba." Wasu ma da wannan suke fakewa su ƙi zuwa gaisuwa. To, shin mutum zai iya gode wa Allah da gaske alhali zuciyarsa tana ƙuna?

Kafin mu yanke hukunci, mu fara sanin abin da suke karantawa. Zabura da ke cikin littafinsu guda 150 ce, kuma da yawa daga ciki kuka ne da kai ƙara wurin Ubangiji. A sura ta 11 ta Linjilar Yohanna an ruwaito cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi hawaye saboda mutuwar abokinsa Li'azaru. Bulus kuma, a wasiƙarsa ga mutanen Tasalonika, ya hore su da yin godiya a kowane hali. Ke nan a wurinsu hawaye da godiya tare suke tafiya. Abin da suke godewa shi ne shekarun da mamacin ya samu da zuri'ar da ya bari. Shi ya sa rawar ta mutuwar tsoho ce. Ranar da yaro ya rasu, je ka gidan ka gani, ba kiɗa ba anko.

Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake gargarar rasuwa a Madina, idanun Annabi sun zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai aka sanar da shi cewa wannan tausayi ne. Annabi Ayuba, wanda su ma suke da littafi guda da sunansa, ya kai kukansa ga Allah a Suratul Anbiya, kuma a Suratu Sad Allah ya yaba masa da haƙuri. Ashe kuka ba ya ɓata haƙuri, muddin harshe bai furta saɓo ba.

Haka abin yake a kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar kawo kaya daga Arewa ya hau, jari ya ƙanƙance. Alhaji mai albasa da Mama mai shagon shinkafa duk ba sa barci sosai. Ita da asuba takan lissafa abin da ya saura mata, lafiya da yara da rufin asiri, ta gode. Kai da ka san falalar hamdala, me zai hana ka riga ta?

Aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, kuma ba na cewa kowa ya shiga ibadarsu. Amma gaisuwar mutuwa haƙƙin maƙwabtaka ce, malamai da yawa sun halatta ta. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta ba mu damar kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude.

Mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, rayuka da dukiya suka salwanta. Zaman lafiya kuwa tun kafin rikici ake gina shi, kuma mutum ba ya saurin manta wanda ya zo masa ranar da ya yi rashi. Don haka idan an yi mutuwa a gidan maƙwabcinka Kirista, ka je, ka zauna, ka ce masa Allah ya ba shi haƙuri. Allah ya sa mu cikin bayinsa masu haƙuri da godiya, amin.