Inda Muke Neman Gyara da Inda Ba Ma Nema

Akwai wata ɗabi'a tamu da ba kasafai muke tsayawa mu dube ta ba. Idan muka shiga ɗaya daga cikin manyan gidajen abincin nan masu rassa gari-gari, masu ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, sai mu ɗaga kai mu karanta farashi a allo, mu miƙa kati, mu karɓi cinyar kaza ɗaya da shinkafa cikin kwali, har mu yi godiya. Ba mai cewa a rage masa, ba mai neman gyara. Washegari mu ɗin nan, da zarar mun zauna a kan benci a rumfar mai tuwo, baki ya buɗe ke nan: "Haba Inna, wannan malmala ai ta ƙanƙance. Ƙara miya mana. Naman ma yanka biyu kawai?" Mu ci mu ƙoshi, mu wanke hannu, wani lokaci ma mu ce ta rubuta sai ƙarshen wata.

Duk sanda aka tayar da zancen inda ya fi dacewa mutum ya kai kuɗinsa, tsakanin gidan abinci mai rassa da na mutum ɗaya a unguwa, mukan yi saurin mayar da shi rigimar namu da na baƙi. Wannan rabon bai tsaya da ƙafarsa ba. Kamfanin UAC ne ya buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986. Tantalizers ya fara a unguwar Festac a 1997, Chicken Republic kuma a 2004, kuma duk a ƙasar nan aka haife su. Waɗanda sunansu ya zo daga Amurka, irin KFC da ya shigo a 2009 da Domino's a 2012, kamfanonin da ke nan ne suke tafiyar da su, suna biyan masu sunan wani kaso. Yaran da ke tsaye bayan kanta kuwa ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, kuma da albashin nan wasunsu ke biyan kuɗin makaranta.

Ya kamata kuma mu faɗi gaskiya a kan abin da ke kai mu can. Tabbas muke saye. Matafiyin da ya sauka Kaduna da dare, bai san kowa ba, ya san abin da zai tarar a kwalin da ya saba ci a Kano ko Abuja, ya san nawa zai biya, ya san akwai ruwan wanke hannu da makewayi. Mace ita kaɗai za ta iya zama ta ci abincinta ba tare da idanu sun yi mata caa ba, abin da ba kowace rumfa ke ba ta ba. Sannan a layin kanta ba a tambayar ɗan gidan wa ne kai. Wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. A rumfa kuwa mun sha gani: Alhaji ya zo daga baya a tsamo masa tsoka, baƙon da ba a sani ba ya tashi da ƙashi.

To amma sanayyar da ke hana baƙo tsoka ita ce ta ciyar da da yawa daga cikinmu a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo. Mutum da kuɗinsa a banki, ga layi a bakin na'urar cirar kuɗi, ga tiransifa tana maƙalewa. A ranakun nan masu shayi da masu tuwo da masu ƙosai da yawa sun ce wa wanda suka sani, "Ci, ɗana, ka kawo idan ta samu." Yarinyar da ke bayan kanta ba ta da ikon faɗin haka ko da zuciyarta ta so, domin da dare za a ƙirga abin da ta sayar, a cire giɓin a albashinta.

Mu kuma bi sawun kuɗin. Abin da muka ba mai tuwo ba ya nisa. Wani kaso na mai hatsi ne, wanda wataƙila a Dawanau ya saro. Wani na mai injin niƙa ne, wani na mai itace ko gawayi, wani na ɗan ga-ruwa, wani na mahauci, wani na matar ƙauye mai kuka da daddawa, wani na yarinyar da ke wanke-wanke. Ƙanzo da ragowa kuma almajirai ne ke tashi da su. Gida mai rassa yakan sayi kayansa da yawa a wuri guda ya rarraba, ribar kuma ta tafi hedikwata. Ranar da lissafi ya ƙi, a can za a yanke shawara a rufe. Mutanen Kano sun ga irin wannan a farkon 2024, da babban kantin Shoprite ya rufe reshensa na rukunin shagunan Ado Bayero bayan shekara kusan goma. Ba mugunta ba ce, haka tsarin yake. Mai tuwo ba ta da wani gari da za ta koma, don haka takan jure abin da kamfani ba zai jure ba.

Akwai kuma abin da ke hannunta wanda ba ya cikin allon kowane kamfani: ɗanwake da mai da yaji, gurasa bandashe, waina da miyar taushe, fate, dambu, tuwon dawa da miyar kuka. Yadda ake kwaɓa ƙullun waina ya tashi daidai ba a takarda yake ba, a hannun mata yake, uwa ta koya wa 'ya. Duk rumfar da ta mutu, da wani abu na wannan sani take tafiya.

Idan haka ne, me ke kashe rumfa? Mukan ɗora wa manyan gidaje laifi, alhali mai cin kaza a kwali da mai cin tuwo a kwano sau da yawa mutum ɗaya ne, rana ce kawai ta bambanta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na hatsi da na man girki suka tashi. Gida mai rassa ya canza lambobin allonsa, muka biya ba musu, har da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da ke cikin rasit. Mai tuwo ta ji nauyin ƙara mana kuɗi don ta san halin da muke ciki, sai ta rage girman malmala, mu kuma muka hau ta da mita. Littafinta na bashi yana ƙara kauri, jarinta yana ƙara sirancewa. Wasunmu da bashin ya yi yawa sai su canza hanya, su koma rumfar gaba su buɗe sabon shafi.

Dalilin wannan bambanci ba boyayye ba ne, daɗin faɗi ne ba shi da shi. A gaban kanta muna jin kunyar a ga kamar ba mu da shi, shi ya sa ba ma tayawa. A gaban Inna ba ma jin wannan kunya, domin ta san mu, kuma mun san ba za ta iya korarmu ba. Wato mai ƙarfi muna ba shi haƙƙinsa cif, mai rauni kuma da ke ƙaunarmu ita muke tauyewa. Da a ce baƙo ne ya yi mata haka, da mu ne za mu fara kiransa azzalumi.

Wani zai ce ai ciniki al'adarmu ce, gyara kuma zumunci ne tsakanin mai saye da mai sayarwa. Haka ne. Sai dai gyara kyauta ce, mai kaya ke yin ta don ransa ya so. Ranar da ta zama abin da muke karɓa da tsiya kullum, ta tashi daga kyauta. Wani kuma zai ce talaka ba zaɓi yake yi ba, rumfar ce kaɗai aljihunsa ke kaiwa. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba da shi muke ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma leburan da ya ci bashin tuwo don bai samu aiki ba ranar, ba shi da abin kunya. Maganar tamu ce, mu da muke iya biyan kuɗin kwali ɗaya da zai sayi kwanon tuwo da yawa, sannan mu zo muna jayayya a kan cokalin miya.

Riƙon amanar rumfa kuma ba ya nufin mu rufe ido a kan aibinta. Idan ruwan wanke kwanuka ya yi kwana-kwana ba a canza ba, ko ƙuda na bin nama a buɗe, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo, shirunmu cutarwa ce gare ta da gare mu. Mu ja ta gefe mu ce, "Inna, a riƙa rufe naman nan, a samo sabulu a wurin wanke hannu." Mu kuma sani cewa tsafta kuɗi take ci. Wanda ke son ruwa mai kyau da murfi da sabulu, sai ya yarda a ƙara masa wani abu a kan kwano.

Saboda haka ba mu ga laifin wanda ya kai iyalinsa gidan gilashi ranar sallah ba, ko matafiyin da ya zaɓi abin da ya sani. Abin da muke nema a wurin kanmu shi ne mudu ɗaya a wurare biyun. Idan Inna ta faɗi kuɗinta, mu biya kamar yadda muke biyan na allo. Idan ta yi gyara mu gode, idan ba ta yi ba mu yi shiru. Wanda kuma ya san sunansa na cikin littafin nan nata, kuma albashi ya shigo, ya fara biyawa ta rumfar kafin ya wuce ko'ina.