Wa Ke Biyan Kuɗin Gudu?

Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan gaskiya ce game da rariya, domin hujojinta a fili suke, mai saye yana ganinsu tun kafin ya miƙa kuɗi. Amma akwai kayan da hujojinsu a ɓoye suke, sai an kai su gida an zauna da su shekara biyu ko uku sannan a gane ta inda suke yoyo. Daga cikin irin waɗannan kaya akwai motocin nan masu ƙarfin gudu, waɗanda aka ƙera da tunanin filin tsere, sannan aka sa musu kujeru masu laushi da na'urar sanyi domin mutum ya riƙa zuwa aiki da kai yara makaranta da su. Tambayar da muke son mu tattauna ita ce, shin laifi ne mutum ya mayar da irin wannan mota abin hawansa na yau da kullum? In kuwa ba laifi ba ne, to ta wace ƙofa laifin yake shigowa?

Kafin mu yanke hukunci ya kamata mu san dalilin da ya sa gudu yake da tsada. Duk wani inji ciniki ne tsakanin ƙarfi da ƙarko. Abin da aka ƙara wa ɗaya, galibi daga ɗayan aka ciro shi. A tsakiyar shekarun 1980, a gasar tsere ta Formula 1, akwai injunan da ake ɗaurawa don ranar neman gurbin tashi kaɗai. Sukan ba da ƙarfin doki sama da 1,000, amma bayan an zagaya filin sau kaɗan sun gama aikinsu, sai a sauke a ɗaura wani. Ba wanda ya kira wannan asara, domin don haka aka yi su. Matsala tana farawa ne a lokacin da aka ɗebo wani abu na wannan hali aka zuba a motar da ake so ta shekara goma tana tashi kowace safiya.

Mu ɗauki misalin BMW M5 da aka ƙera a Jamus tsakanin 2005 zuwa 2010. A ido, motar gida ce mai ƙofa huɗu. A ciki kuwa injinta mai silinda goma ne, yana ba da ƙarfin doki 507, kuma yana iya juyawa har sau 8,250 a minti ɗaya, alhali injin motar da muka saba da ita da wuya ya wuce 3,000 a cikin gari. Akwai wasu siraran ƙarafa masu siffar rabin awarwaro da ke zaune tsakanin sandar fistin da ƙaton ƙarfen da take juyawa, baƙin mai ne kaɗai ke hana su gogar juna. A wannan inji an san su da saurin cinyewa, musamman idan ana taka totur tun mai bai ɗau zafi ba, har ta kai da yawa daga masu motar sukan biya a canja su tun ba su lalace ba, domin in suka lalace a kan hanya, injin ne gaba ɗaya ya tafi. Ga shan fetur, ko a lissafin kamfanin kansa ya haura lita 20 a kilomita 100 cikin gari, wato fiye da ninki biyu na abin da ƙaramar mota irin Corolla take sha. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, idan aka tashe ta, ƙarfin doki 400 take bayarwa, sai an danna wani maɓalli take sakin sauran. Ke nan maƙeranta sun san cewa a yawancin ranaku mai ita ba ya bukatar abin da ya saya.

Bugu da ƙari, zaman yau da kullum shi kansa cuta ne ga irin waɗannan motoci. Mazda RX-8, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2012, injinta yana ƙona baƙin mai da gangan, haka aka tsara shi, kuma idan aka tashe ta aka kashe tun ba ta yi zafi ba, fetur yakan cika ta ta ƙi tashi. Wato gajeriyar tafiya daga gida zuwa bakin kasuwa ta fi wahalar da ita a kan doguwar hanya. Ferrari F355 ta shekarun 1990 kuwa, idan lokacin canja bel ɗin inji ya yi, sai an sauke injin dungum. Haka tayoyinsu: roba mai laushi ita ke kama kwalta a kan kwana, ita ce kuma take saurin suɗewa.

To a nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Farashin irin wannan mota yana faɗuwa da sauri, amma kuɗin riƙonta ba ya faɗuwa. M5 ɗin da aka sayar sama da dala 80,000 a Amurka tana sabuwa, bayan shekara goma sha biyar ana iya samunta a kan kaso kaɗan na wannan kuɗi, sai dai kayan gyaranta har gobe na motar dala 80,000 ne. Mai ita na farko ya more ta a ƙarƙashin garanti. Na biyu ya fara jin nauyi. Na uku ya riƙa ɗage gyara yana cewa sai wata mai zuwa. Daga nan wasu daga cikin irinsu sukan hau jirgin ruwa su sauka a Kwatano ko Legas, su iso hannun saurayin da ya ga araha ya manta cewa araha ba ta ado. Motar da aka gwada a manyan titunan Jamus, inda wasu sassa ba su da iyakar gudu, ga ta a ƙasar da doka ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a awa kan babbar hanya, tana tsallen ramuka tana dahuwa a cunkoso. Sannan tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin fetur a Nijeriya, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da dama a 2024.

Wani zai ce, ai magana ta ƙare, sayen irin wannan mota almubazzaranci ne kawai. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba. Ɗan Adam ba don amfani kaɗai yake son abu ba. Kakanninmu sun san jaki ya fi doki ɗaukar kaya da juriyar yunwa, amma ba su daina kiwon doki ba, kuma ba wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya ce an yi asarar dawa. Son abu mai kyau da aka ƙera da gwaninta ba aibi ba ne. Sai dai mu lura da abu guda: mai doki na da ya san cewa ranar hawa ɗaya ce, ranakun ciyawa da dawa da kanwa da sharar barga su ne sauran shekara. Wanda ba zai iya ɗaukar waɗannan ba, ba ya ɗaure doki a ƙofar gidansa, in kuwa ya ɗaure, haƙarƙarin dokin ne zai tona masa asiri. Mota ba ta rama a gani. Fentinta yana sheƙi ko da cikinta ya ruɓe, shi ya sa yaudara ta fi sauƙi a kanta.

Wani kuma zai ce, kuɗina ne, ina ruwan wani? Wannan ma ba ta zauna ba, domin idan mai mota ya kasa biyan kuɗin riƙo, bashin ba ya ɓacewa, komawa yake yi kan wasu. Na farko iyalinsa ne, waɗanda kuɗin cefane da na makaranta suke tafiya gareji ba tare da an shawarce su ba. Na biyu mutanen da ke kan hanya ne, domin mota mai ƙarfin doki 500 a kan suɗaɗɗiyar taya da burkin jabu haɗari ce ga mai keke da ɗan makaranta da ba su ci ribar daɗinta ba. Na uku shi ne mai saye na gaba, wanda aka share masa fitilar gargaɗi da kwamfuta, aka mayar da lissafin tafiyar motar baya, aka zuba mai mai kauri don ƙarar inji ta lafa na kwana biyu. Wannan algus ne, ba shi da bambanci da zuba ruwa a nono. A ganinmu nan ne ainihin laifin yake: mutum ya sha daɗin gudu, ya bar wa wani biyan kuɗinsa.

Su ma maƙera suna da nasu kaso. A 2013 kamfanin Porsche ya amince da sulhu a wata ƙarar haɗin gwiwa a Amurka, kan wani ƙaramin boris da ke lalacewa ya kashe injin wasu motocinsa na 2001 zuwa 2005. Ba kuma dole ba ne gudu da ƙarko su zama kishiyoyi. A 1990 Honda ta fito da NSX, wadda shahararren ɗan tsere Ayrton Senna ya taimaka wajen gwada ta, ta nuna cewa motar da ke gogayya da Ferrari tana iya tashi kowace safiya ba gardama, ko da yake ita ma an yi kuka da saurin cinyewar tayoyinta na baya. Mu kanmu shaida ne: Peugeot 504, Fijon da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, a wannan shekarar ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, kuma ita ce ta shekara da shekaru tana jigilar mutane tsakanin garuruwanmu, bakanike na bakin tasha yana gyara ta da sifana da guduma.

Daɗin daɗawa, ƙarko ba a masana'anta kaɗai ake ƙera shi ba, rabinsa yana hannun mai riƙo. Wani malamin makaranta a jihar New York ta Amurka, Irv Gordon, ya sayi Volvo P1800 a 1966, ya yi tafiyar mil sama da miliyan 3 da ita kafin rasuwarsa a 2018. Ba wani sirri ya yi amfani da shi ba illa canja mai a kan lokaci da gyara ƙaramar matsala tun tana ƙarama. Ya ɗauki mallaka a matsayin alkawari, kyan alkawari kuwa cikawa.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai sha'awar irin wannan mota, ba mu ce ka kashe sha'awarka ba. Abin da muke cewa shi ne, kafin ka tambayi dillali nawa ce, ka tambayi bakanike nawa take ci a shekara. Ka tambayi kanka ko za ka iya sayen tayoyi huɗu na ainihi a rana ɗaya ba tare da tukunyar gidanka ta ji a jikinta ba, ko kuma ranar da za ka sayar da ita za ka iya gaya wa mai saye duk abin da ka sani game da ita. In amsar duka e ce, hau abarka, ba ka zalunci kowa ba. In kuwa a'a ce, to ka sani tun yanzu akwai wani da zai biya maka kuɗin gudunka, wanda kuma ba a nemi yardarsa ba.