Cutar Sida Da Haƙƙin Mace A Gidan Aure

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, wata rana bayan sallar Asuba wata baiwar Allah ta yi sallama a zaurena nan Malbaza, da tsohon ciki, fuskarta a kumbure. Ta je awon ciki, aka tarar tana ɗauke da ƙwayar cutar sida. Ta riƙe amana ta faɗa wa mijinta, shi kuwa ya kira ta mazinaciya, ya buge ta, ya sake ta. Da na kira shi na ce: "Malam, kai an auna ka?" sai ya yi shiru.

Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce: shin wanda aka fara ganin cuta a jikinsa, shi ne mai laifi?

Likitoci sun tabbatar cewa wannan ƙwaya tana iya yin shekaru a jikin mutum bai ji ko ciwon kai ba. Mata ne ke zuwa awon ciki, saboda haka su ake fara aunawa. Mu maza kuwa, da mai zuwa biɗa Abijan ko Legas, da mai jan motar siminti ko ta albasa, da mai zaman gida, kaɗan ne cikinmu ke miƙa hannu a ɗibi jini. Ke nan takardar awo ba ta faɗin wanda ya shigo da cutar gida. Kuma ba ta hanyar alfasha kaɗai ake ɗaukarta ba: akwai ƙarin jinin da ba a auna ba, da allura ko askar wanzami da ba a tsabtace ba, da uwa zuwa ga jinjirinta, da shimfiɗar aure ta halal.

To, a shari'a fa? Suratun Nur ta ɗora wa mai jifar kamilar mace da zina shaidu huɗu, in ya kasa kawowa bulala 80 ne hukuncinsa. Miji ma da ya tuhumi matarsa, li'ani aka shar'anta masa a gaban alƙali, ba a ba shi sanda ba. Takardar likita ba ta zama shaidu huɗu. Nana A'isha (Allah Ya yarda da ita) ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa bugun mace ko mai hidima ba. Wanda ya ce kowace cuta azaba ce, ya tuna da Annabi Ayyuba (AS), wanda aka jarraba da doguwar jinya alhali yana zaɓaɓɓen bawa. Ko da an samu wanda ya ɗauko ta ta hanyar saɓo, ƙofar tuba a buɗe take, kuma haƙƙinsa na a gaishe shi, a yi jinyarsa, bai faɗi ba.

Wani zai ce: "Tsoro nake ji." Tsoro halin ɗan Adam ne, maganinsa ilimi. Ba a ɗaukar sida ta musafaha, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko buta, ko cizon sauro, ko haɗa kafaɗa a sahu. A shekarar 1987 da aka fara ganin cutar a Nijar babu maganin da talaka zai samu. Amma tun 2004 ake ba da magungunan danne ƙwayar kyauta, kuma dokar ƙasa ta 2015 ta hana tsangwamar masu ɗauke da ita. Wanda ya lizimci maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a awo ba ya shafa wa abokin aurensa, kuma mai ciki da ta riƙe magani galibi takan haifi ɗa lafiyayye.

Ku duba ɓarnar da duka ke jawowa. Macen da ta ga abin da ya sami maƙwabciyarta za ta ɓoye sakamakonta, ta daina karɓo magani don kada a gan ta. Sai jinjiri ya kamu, miji ya zauna cikin duhu, kishiya ma haka. Mari ɗaya ya cuci gida huɗu.

Saboda haka, maigida ya raka iyalinsa a auna su tare. Waliyyai su nemi awo kafin ɗaurin aure, ga ango da amarya baki ɗaya, musamman in za a ƙara mata ko za a auri bazawara. Wanda aka ba sirrin majinyaci ya riƙe, domin yaɗa shi giba ce da cin amana.

Wancan bawan Allah daga baya ya je awo, aka same shi da ƙwayar. Ya mayar da matarsa kafin ta haihu, ya nemi gafararta, yanzu tare suke shan magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu daga zaluntar waɗanda Ya ba mu amana.