Wa Ke Cewa A'a?

Babu ƙasar da dukiyarta ta isa ta saya wa kowane majinyaci duk abin da likita ke so. Dole a hana wani. Tambayarmu ita ce, wa ke hanawa, kuma ina kuɗin ke zuwa?

A Amurka, inda yawancin ma'aikata ke samun inshorar lafiya ta wurin aikinsu, kamfani ne ke cewa a'a. Likita zai rubuta tiyata, amma sau da yawa sai kamfanin ya yarda tukuna, kuma abin da bai biya ba yana iya zama ribarsa. Kafin dokar Obama ta 2010, har ƙin karɓar mutum ake yi don yana da tsohuwar cuta. A ganinmu, an ba kura ajiyar nama.

A Ingila kuwa, tun 1948 ganin likita da kwanciya asibiti kyauta ne. To amma hukumar NICE, wadda aka kafa a 1999, takan ƙi sabon magani idan tsadarsa ta rinjayi amfaninsa. A fili take yi, da ƙa'ida ɗaya ga kowa, kuɗin kuma ya koma kan wani majinyacin. Wannan ya fi kusa da adalci, ko da yake attajiri na iya zamewa asibitin kuɗi.

Sai dai fa akwai layi. A 2023 jinyar da ake jira a Ingila ta haura miliyan 7. Ba'amurke aƙalla yakan sami takardar ƙi, ya ɗaukaka ƙara. Tsohuwar da ta shekara tana jiran aikin ƙugu ba wanda ya ce mata a'a, balle ta san wanda za ta kama.