Ɗan ƙasa da baƙo: wa ke da ikon rabewa?

A Adar, tun kafin zuwan Nasara, kalmar «ɗan ƙasa» tana da ma'anarta: wanda kakanninsa suka fara sare daji suka kafa gari. Baƙo kuma, in ya daɗe ya yi aure ya sami gona, baƙuncinsa yakan narke a hankali. Mulkin Faransa ya zo da wani ma'auni, inda doka ke rabewa a rana guda.

Har zuwa 1946, mutumin Bambeye ko na Tawa talakan Faransa ne, ba ɗan ƙasarta ba. Yana biyan haraji, ana kai shi aikin tilas, kumandan na iya ɗaure shi na kwanaki ba tare da shari'a ba. A duk Afirka ta Yamma ta Faransa, waɗanda aka ba cikakken matsayi a jimlace su ne haifaffun garuruwa 4 na Senegal: Dakar, Gore, Rufisk da Sanluwi, bisa dokar Blaise Diagne ta 1916. Ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas, ranar 7 ga Mayu kuma dokar Lamine Guèye ta mai da dukan mutanen yankunan ƙetare ƴan ƙasa. Manomi ya kwana talaka ya tashi ɗan ƙasa, ba wanda ya shawarce shi. Ƙuri'a ma ba ta kai ga kowa ba sai da dokar Defferre ta 1956.

Duk da haka kyautar ba ta wofi ba ce. Ɗan ci-ranin Adar da ya sauka Abijan a shekarun 1950 bai ƙetare iyakar wata ƙasa ba, domin Nijar da Kwaddebuwa duk suna cikin tarayya ɗaya. Sai ga 1960. Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta, Kwaddebuwa ranar 7. Mutumin nan yana ɗakin da ya saba kwana, yana kasa hajarsa inda ya saba, amma ya zama baƙo. Dokar Faransa ta 28 ga Yuli 1960 ta ce mai son riƙe matsayinsa sai ya tare a Faransa ya bayyana hakan a gaban hukuma. Dokar Kwaddebuwa ta 1961 ta ba tsofaffin mazauna wa'adin shekara 1 su nemi zama ƴan ƙasa. To, mutumin da karatunsa na allo ne, ina zai ji labarin wa'adin da aka buga da Faransanci? A 1972 aka rufe ƙofar da ta rage wa ƴaƴan baƙi da aka haifa can, a farkon shekarun 1990 kuma aka ɗora wa baƙi takardar izinin zama, wadda ba a ɗage wa ƴan Afirka ta Yamma ba sai 2007.

Wani zai ce kowace ƙasa mai ƴanci tana da ikon tantance mutanenta. Gaskiya ne, kuma mu ma mun yi amfani da wannan iko: a ƙarshen 1963 Nijar ta kori ma'aikata ƴan Dahome, waɗanda su ma suka zo lokacin da ba iyaka tsakani. Amma iko daban, adalci daban. A ganina doka tana iya gindaya sharaɗi ga mai shigowa gobe, domin ya san abin da zai tarar. Wanda ya riga ya zauna bisa halal, ya haifi ƴaƴa, ya binne matattunsa a wurin, zamansa ya zama haƙƙi, kuma ba shi ya motsa ba, iyaka ce ta tarar da shi.

Tambayar ba ta tsufa ba. Tun ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ƴan ci-rani damar shiga ba biza, kuma samarin Adar ba su fasa tafiya kudu bayan girbi ba.