Karkarwar fiffike: ƙaddara ko sakaci?

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa ƙaramin jirgin sama na rimot ya san ƙarar. Jirgi ya sunkuyo da gudu, sai a ji "zirrr" kamar zanzaro, kafin a saki totur leɓen fiffike ya ɓalle. Masu tsintar tarkace su ce ƙaddara ce. Ban musa ba, sai dai nakan so a fara duba hinjin.

Leɓen nan shi ne ɓangaren da ke motsi a bayan fiffike ko a wutsiya, da shi ake juya jirgi. Iska ta ture shi, ƙarfin jikinsa ya dawo da shi, nauyinsa ya sa ya zarce, iska ta sake kama shi. A ƙaramin gudu kaɗawar takan mutu da kanta. Da an kai wani geji kuwa, kowace kaɗawa sai ta fi ta baya. Abin da ke jawo gejin kusa sananne ne. Ka kama leɓen da yatsu biyu ka jijjiga. In ya yi lako-lako, to ramin ƙahonsa, inda sanda ke kama shi, ya buɗe, ko haƙoran giyar sarbo, ɗan injin da ke motsa shi, sun cinye, ko sandar da ke tura shi tana lanƙwasa. A sa sanda mai tauri, a toshe tazarar hinji da salatif, a ɗora 'yar dalma gaban layin hinji don nauyi ya daidaita.

Manyan jirage ma haka. A 1916 wutsiyar jirgin yaƙin Handley Page na Ingila ta riƙa girgiza, injiniya Frederick Lanchester ya ce a haɗa leɓunanta biyu da bututu mai tauri. A 2011, a gasar jirage ta Reno da ke Amurka, jirgin Galloping Ghost ya faɗo kan 'yan kallo, mutum 11 suka mutu har da matuƙin. Masu bincike suka tarar tsofaffin notuna ne suka bar sukurorin wani ɗan leɓen wutsiya suka saki.

To, ajalinsu ne ko noti? A karatun da na yi gaban malamai, duka biyun. Allah Yana zartar da hukuncinsa ta hanyar sababi, kuma imani da ƙaddara bai ɗauke wa bawa alhakin abin da ke hannunsa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ambaci ƙaddara don a rufe bakin mai tambaya.

Amma injiniyan da ke ganin komai a hannunsa yake, shi ma ban bi shi ba. Gyaran nan duka ba ya kawar da gejin, tura shi gaba kawai yake yi. Mu masu ƙananan jirage ba mu da ɗakin gwajin iska, sai a sama muke sanin inda namu gejin yake. In ka ji ƙarar, saki totur, ɗaga hancin jirgin a hankali, ka sauko ka duba.